Kwana Arba'in Kafin Azumi

Bello, kai ka sa na ɗauki biro. Ranar da muke dawowa daga bikin suna a Dandin Mahe, bayan wata 'yar uwa ta rada maka cewa uwarka ce ta tona wa mahaifinta asiri a bainar jama'a, ka tambaye ni a mota, idonka na kan titi, ko gaskiya ne abin yana bin jini. Na ce maka ka kula da tuƙi. Ba amsa ba ce, na sani. Ni dai tun ina yarinya bakina ba ya iya abin da hannuna yake iyawa, don haka ga amsar a rubuce, kai da 'yan uwanka ku karanta.

Kakanku yana shan giya. Na rubuta shi a fili don kada ku ƙara jin sa a bakin wani. Mutum ne mai tsabta da sanyin murya, ban taɓa ganin ya ɗaga wa Inna, mahaifiyata, hannu ba. Shi ke riƙe da siton taki na wani ofishin gwamnati a Bodinga, yana da ɗakin haya a can, sai ranar Juma'a da yamma yake dawo mana ƙauye da burodi a ɗaure bayan babur. Lokacin siyasar jamhuriya ta biyu ne, gari ya cika da tutoci da 'yan kwangila, kuma duk mai neman taki yana neman mai makullin sito. Ba su suka koya masa ba, amma su suka mayar da abin kullum. A gida ba a ambatar sunan abin. Inna takan ce "ya gaji". Kaka, mahaifiyarsa, takan ce "halin birni". Baffa Sani, yayansa, wanda ke noman albasa yake kuma jan salla in liman ba ya nan, ba ya cewa komai, sai dai ya ɗauke tabarmarsa ya koma can gefe.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Baba ba ya kiran sunana, magana ma sai ta kama. Ina makarantar horon malamai ta kwana a Bodinga, gari ɗaya da shi, amma in muka haɗu a hanya sai ya kau da kai, ni ma na sunkuyar da nawa. Abin da na iya shi ne rubutu. Ragowar littattafan aji nake ɗinkewa da zare, ina rubuta ranar ruwan farko, ranar da aka cire albasa, wanda ya yi ciwo da kwana nawa ya yi. Kaka ta sa mini suna Akawu.

"Akawu, rubuta, yau akuyata ta yi atishawa sau biyu," takan ce, ta kwashe da dariya.

Akwai wata al'ada ta masu irin halin Baba, wadda in ba a cikinta ka tashi ba ba za ka san ta ba. Sun ji cewa wanda ya sha, sallarsa ba ta karɓuwa har kwana arba'in. To don kada azuminsu ya tashi a banza, sai su ƙidaya kwana arba'in kafin watan ya kama, su bari cak, rana ɗaya. Baba bai taɓa saɓa wannan ba. A shekarun nan lissafin yana faɗawa tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Sai ya ɗauki hutunsa na shekara ya dawo gida, ya shiga ɗakinsa, ya miƙa wa Baffa Sani kwaɗo da hannunsa ya ce ya rufe shi ta waje. Abinci da ruwan alwala ta taga. Kowa a gidan yana ganin wannan a matsayin mafi kyawun abin da Baba ke yi a shekara, kuma ta wani gefen haka ne. Da ciwo ya biyo baya, sai a ce aljanin kwalba ne ke fushi don an raba shi da abokinsa, a kawo rubutu da turare, a jira ya gaji ya tafi.

Hutun makaranta yakan zo daidai da lokacin, don haka duk a idona aka yi. A littafina na shekarar farko na rubuta: rawar hannu, gumi, amai, kwana uku. A ta biyu: rawar jiki duka, ya ce tururuwa na fitowa daga bango suna hawansa, kwana biyar. A ta uku: ya faɗi sau ɗaya yana jijjiga, ya ciji harshe, kwana bakwai bai san Inna ba. Wata rana a ɗakin karatu na jera littattafan uku a kan tebur, ba don ina neman wani abu ba, sai na ga abin da ya hana ni cin abincin rana. Kowace shekara a rana ta uku abin ke tsananta, kuma kowace shekara ya fi ta bayanta. In aljani ne, to aljani ne mai bin kalanda, kuma ƙara girma yake.

Kwana huɗu na yi ina wucewa ta ƙofar wani ɗakin shan magani da ke kusa da makarantarmu kafin na iya shiga. Mai kula da shi wani dattijo ne mutumin Yawuri, Malam Audu, mai tabarau ɗaure da zare. Lokacin an shiga tsuke bakin aljihu, ana layin sabulu da madara, kuma kabad ɗinsa babu komai sai auduga da shuɗin maganin nan na miki. Na ce masa wani maƙwabcinmu ne. Na karanta masa abin da na rubuta. Ya saurara har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Wannan maƙwabcin naku, a ɗaki ɗaya kuke kwana? Har harshen da ya ciza kin gani."

Na rufe littafin.

"Ba komai, 'yata. Maƙwabci ne. To ki ji. Ba aljani ba ne. Jikin da ya shekara yana sha ya riga ya jingina da abin, kamar bangon da ya jingina da tokara. In aka zare tokarar lokaci ɗaya, bango faɗuwa yake. Kuma duk faɗuwar da ya yi, ta gaba ta fi muni. Na ga wanda bai tashi ba."

"Malam, to ya ci gaba da sha ke nan?"

"Ni musulmi ne, na san nauyin abin da zan faɗa. Ya bari, amma ba a ɗaki a kulle ba. A asibiti, inda akwai allurar da ke riƙe jiki da ƙarin ruwa. Ni nan ba ni da ko ɗaya, kin ga kabad. Ku kai shi Sakkwato kafin kwana na uku. Kuma in likita ya yi tambaya, a faɗa masa gaskiya, don in aka ɓoye, maganin zazzaɓi zai ba shi."

Na koma gida hutu da wannan magana a raina. Baba ya iso ranar da lissafinsa ya kama, ya miƙa kwaɗo. Na sami Inna tana tankaɗe, na faɗa mata. Hannunta bai tsaya ba.

"Ni mi ad da ni cikin maganar maza? Ki hwaɗa wa Baffanki in kina iyawa."

Ban iya ba. Rana ta farko ta wuce ina kai ruwa taga. Rana ta biyu na ga kofin yana kaɗawa a hannunsa har rabin ruwan ya zube a gabansa, ya dube ni ta tsakanin sandunan taga kamar zai ce wani abu, sai ya juya. Na je na tsaya bayan Baffa Sani a lambu yana ban ruwa, na gaishe shi, ya amsa, na ƙara gaishe shi, ya ɗago ya ce lafiya, na ce lafiya lau, na dawo. Wannan kwana biyun da na ɓata saboda kunya, har yau ba na yafe wa kaina su.

Rana ta uku da hantsi muka ji ƙarar faɗuwa. Baffa ya buɗe, aka same shi a ƙasa yana jijjiga, jini a baki. Ya lafa, aka mayar da shi kan gado, Baffa ya sake rufe kwaɗon don kada ya fito da gudu cikin ruɗewa. Kafin azahar ya sake yi. Bara sau ɗaya ne a kwana bakwai, bana sau biyu kafin rana ta raba. Maza suka taru a zaure, Baffa da malamin da ke yin rubutu da maƙwabta uku, ana shawarar a aika Mandera a kira wani mai ruƙiyya. Budurwa ba ta shiga zaure in maza na ciki. Ni kuwa ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni ba. Na durƙusa a bakin ƙofa ta ciki.

"Baffa, Allah shi ba ka haƙuri. Ba iska ba ta. Giya ta."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya shiga gyaran hularsa.

"Mi kic ce?" in ji Baffa.

"Barin ta da yay yi rana guda shi ak kawo ciwon. Na tambayi mai magani. Ya ce in ba a kai shi asibiti ba yana iya rasuwa."

"Kin tambayi mai magani." Baffa ya maimaita a hankali. "Wato kin ɗauki sunan ubanki kin kai Boɗinga kin shanya. Wanga shi na karatun da anka kai ki? Mutum ya tuba, ya rufe kainai don Allah, ke kuma ki zo ki ce tubar ta ciwo? Tashi ki ba mutane wuri."

Ban tashi ba. Sai na ji sandar Kaka a bayana. Ban san tana saurare ba. Ta dafa kaina ta wuce, ta tsaya a tsakiyar zauren, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Sani, ba ni makullin."

"Inna, ki koma ciki, maganar yara ta."

"Kai kana da shekara tara sadda ubanku yar rasu. Mi anka ce maka ya kashe shi?"

"Iska."

"Haka munka ce. Tun da yad dawo daga yaƙin Bama yake sha. Shi ma kwana arba'in yake lissafi. Cikin ɗakin can na kusa da rumbu, rana ta huɗu, da bazara irin wagga. Ni ar riƙe da makullin, Sani. Ni. Ina jin shi yana bugun ƙofa, ina cewa aljani na, bari shi gaji." Ta miƙa hannu. "Ban iya riƙe na biyu. Ba ni."

Baffa ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye a tafin hannunta, bai dube ta ba.

Babu wata mota a garin ranar sai wata mai ɗaukar albasa zuwa Sakkwato. A kan buhuna aka shimfiɗa masa katifa, da tsakar rana, kowa na gani. Mata suka leƙo ta katanga, yara suka bi motar har bakin gari. Baffa ya hau, don duk fushinsa ba zai bar ƙanensa ba, ni ma Kaka ta tura ni. Baba yana ta kaɗe abin da babu a jikin rigarsa, yana kiran sunayen mutanen da ban sani ba. Ni da Baffa muka riƙe shi, shi ta kafaɗa ni ta ƙafa, har muka isa.

Abin da ake nufi da tona asiri a can ya faru. Ɗakin marasa lafiya ne babba, gadaje a jere, kuma a gado na uku akwai wani mutumin Shagari da danginsa sun zo dubiya, sun san mu. Likita, wani saurayi da ya gaji, ya duba idon Baba da hannunsa, ya tambayi Baffa ko yana shan wani abu.

"A'a, likita. Mutumen kirki na. Zahi na ya buge shi."

Likita ya ɗaga biro zai rubuta. Na ga bakin biron ya taɓa takarda.

"Yana sha," na ce. "Ya fi shekara goma, yanzu kuma kullum. Ranar Asabar da yamma ya yi na ƙarshe. Wannan ne karo na huɗu da na rubuta ya bari haka, bara ya faɗi sau ɗaya, yau sau biyu."

Likita ya dube ni, ya soke abin da ya fara rubutawa, ya ɗaga murya ya kira ma'aikaciyar jinya. Mutanen gado na uku sun ji komai. Kafin Baba ya farfaɗo, labari ya riga mu isa gida.

Kwana tara ya yi. Ya tashi, ya yi azuminsa cikakke. Amma abin da ake faɗa a raɗe ya zama abin da ake faɗa a kasuwa. Da sojoji suka karɓi mulki aka shiga rage ma'aikata, sunansa na cikin na farko, kuma har yau akwai masu cewa ba don bakina ba da ya tsira. Wataƙila gaskiyarsu ne, ban sani ba. Baffa Sani ya shekara shida ba ya amsa gaisuwata sai da ɗaga hannu. Ba na ganin laifinsa. A wurinsa rufin asirin ɗan uwa ibada ne, kuma shi ya ci gaba da ciyar da mu daga lambunsa bayan an kori Baba, bai taɓa gori ba. Shi kuwa Baba bai ce mini komai ba, kuma da yake dama ba ya mini magana, ban san ko shirun kunya ne ko na fushi ba. Wannan ya fi komai ci mini rai. Bayan Salla da 'yan makonni ya koma shan abinsa. Na rubuta wannan ma don kada ku ɗauka asibiti ya wanke shi tas.

Yanzu ga tambayarka, Bello. Na kai ta wurin yayarka Hadiza, tun da ita ta karanci haɗa magunguna, na ce ta yi mini bayani kamar tana yi wa Kaka. Ta ce abin da mutum ya gada a ƙwayoyin halittarsa kamar lambu ne da aka gada da fangalansa na ban ruwa a jere. Giya ba ta sake shatar lambun, amma tana toshe bakin wannan fangali ta buɗe wancan, har ruwa ya saba da sabuwar hanya, ƙwaƙwalwa ta koma ba ta samun natsuwa sai da ita. Shi ya sa bari ke da wuya, kuma ana ganin yana cikin dalilin da kowane bari na gaggawa ke fin na baya tsanani. Na ce to toshewar tana bin 'ya'ya? Ta ce saurin kamuwa yana bin dangi, wannan an daɗe da sani, amma ko ita toshewar kanta tana wucewa daga uba zuwa ɗa, masana ba su gama tabbatarwa a kan mutane ba, yawancin abin da aka gani a dabbobin gwaji ne. Ta ce wasu bakunan suna sake buɗewa in an daɗe da bari. Akwai magungunan rage ƙishirwar abin da ake bayarwa yanzu tare da zaman shawara, kuma ana gwajin waɗansu da ake fatan su buɗe abin da ya toshe, amma ba su iso hannun marasa lafiya ba tukuna, kada in yi wa kowa alkawari.

Ga abin da na fahimta. Kakana ya sha, mahaifina ya sha, Baffa Sani da suke ciki ɗaya bai taɓa kai ta baki ba. Ƙasarmu tana da saurin jiƙa, don haka kada ɗayanku ya ce bari ya ɗanɗana ya gani. In kuwa Allah ya jarrabi wani a cikinku ko cikin 'ya'yanku, kada a kawo kwaɗo, kuma kada a yi wa likita ƙarya.

Saura in faɗa muku yadda shirun ya ƙare. Da bazara ta zagayo ina ajin ƙarshe, muna shirin jarrabawa, ban je hutu ba. Wata safiya mai gadi ya aiko a ce ina da baƙo. Na fito na ga Baba tsaye a gindin dogon yaro, ba babur, ya sayar, da 'yar jaka a hannu da buta. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon titi.

"Jibi na lissafin ke kamawa," ya ce. "Ban son ɗakin Sani."

Na ce to.

"Ki roƙi malamanku su ba ki yini guda. Ke kis san hanyar wurin."

Na je na roƙa, aka ba ni. Muka taka zuwa tasha, shi a gaba ni a baya, muka shiga ƙaramar bas ta Sakkwato. Aka matse mu a kujera ɗaya, kafaɗata na taɓa tasa, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na yi wayo. Ina jin warin abin a jikinsa, yana kuma sane ina ji. Mun yi nisa, gonaki na wucewa fari fat suna jiran ruwa, sai ya yi gyaran murya, ya yi magana ƙasa-ƙasa yana kallon taga.

"In likita ya yi tambaya, wanga karon ni ka ba shi amsa."

"To, Baba."

"Amma ki zamna kusa. In na rage, ki cika."